Scrum, Kanban ko SAFe: wanne ya dace da tawagarku ta masu gina manhaja?

Kafin ku biya kuɗin horo, ko ku ɗauko mai ba da shawara ya sake wa tawagarku fasali, ku zauna ku duba yadda aiki yake shigo muku. Kuna iya cewa ga abin da za mu yi cikin mako biyu masu zuwa, kuma maganar ta tsaya a haka? Ko kuwa kullum da safe sai wani sabon abu ya faɗo ya ture na jiya? Amsar wannan za ta raba muku gardama fiye da duk wata takardar talla.

Inuwar da ta haɗa tsare-tsaren nan ita ce sanarwar Agile, wadda mutum 17 suka rubuta a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, a watan Fabrairun 2001. Sun fifita mutane da hulɗarsu a kan kayan aiki, manhaja mai aiki a kan tulin takardu, da karɓar sauyi a kan bin shiri ido rufe. Sanarwar ba ta ce a yi taro kaza ko a naɗa wane ba. Wannan kowane tsari da nasa, kuma nan ne zaɓi yake.

Scrum ne ya fi suna, shi ne kuma za a fara tallata muku. Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da shi a 1995. Ana yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, galibi mako biyu. Jagorar Scrum ta 2020 ta ce tawaga yawanci mutum 10 ce ko ƙasa da haka, kuma akwai dalili: tsakanin mutum 5 hanyoyin magana 10 ne, tsakanin mutum 10 sun zama 45, in sun kai 20 kuwa 190. A cikin tawagar akwai masu gina manhajar, akwai mai kula da tsarin wanda ke share musu hanya, sannan akwai mutum ɗaya mai wuƙa da nama a kan abin da za a fara yi da abin da zai jira.

Wannan na ƙarshen shi ne tsadar da masu talla ba su cika ambata ba. In wanda kuka ba kujerar sai ya je ya tambayi shugabanni uku kafin ya ce "a'a, wannan ya jira zango na gaba", to Scrum ɗinku zai tsaya a taruka kawai. Tarukan kuma ba kaɗan ba ne. A zangon wata ɗaya, tsara aiki na iya cin awa 8, nuna abin da aka gama awa 4, zaman waiwaye awa 3, ga taron tsayuwa na minti 15 kowace rana. In an cika su duka, kusan awa 20 ke nan daga lokacin kowane mutum. Suna biyan kansu idan ana yanke shawara a cikinsu. Alamar lalacewa tana da sauƙin gani: a tsayuwar safe kowa ya juya fuskarsa ga manaja yana lissafa abin da ya yi jiya, babu mai cewa da ɗan'uwansa "na maƙale a nan, zo mu duba tare."

Scrum ya dace da tawagar da ke gina sabon abu, mai manufa ɗaya, wadda za a iya ƙyale ta ta yi mako biyu ba a tsoma mata baki ba.

Kanban daga masana'antar motoci ta Toyota ya samo asali, a hannun Taiichi Ohno, David J. Anderson kuma ya kawo shi fagen manhaja a shekarun 2000. Ba ya buƙatar sabon muƙami, ba ya da zango. Allo ne mai layuka, misali "yana jira", "ana yi", "ana gwadawa", "an gama", kowane aiki da katinsa. Ƙarfinsa yana cikin lambar da ake rubutawa a saman layi. In an rubuta 3 a kan layin gwaji, kuma kati uku suna wurin, mai rubuta kod (umarnin da ake gina manhaja da shi) da ya gama nasa ba shi da inda zai ajiye na huɗu. Dole ya tashi ya taya masu gwaji. Ranar farko mutane kan ji haushin wannan, amma lissafin a fili yake: tawagar da ke gama aiki 5 a mako tana riƙe da 20 a hannu, kowane aiki zai kwashe kimanin mako 4 kafin ya fita. Ta rage abin da ke hannunta zuwa 10, ya koma mako 2, ba tare da wani ya ƙara gudu ba.

Ga masu gyaran kurakurai, masu kula da sabar, da duk waɗanda aiki ke zo musu ba sallama, ni Kanban zan zaɓa ba tare da jinkiri ba. Rauninsa shi ne ba ya tilasta kowa ya tsaya ya yi nazari. In ba ku sa ranar waiwaye da kanku ba, kuma kuka fara ɗaga ƙafa a kan lambobin nan, zai koma allon ado.

Akwai na uku da ba a cika kawo shi teburin ciniki ba, alhali ya fi sauran taɓa ingancin manhajar kanta. XP ke nan, wato Extreme Programming, wanda Kent Beck ya tsara lokacin wani aiki a kamfanin Chrysler a 1996. A rubuta gwaji kafin a rubuta kod. Mutum biyu su yi aiki a kwamfuta ɗaya, ɗaya na rubutu ɗaya na lura. A riƙa haɗe aikin kowa wuri ɗaya a kai a kai, na'ura tana gwada shi nan take. Scrum da Kanban ba su ce komai a kan yadda ake rubuta kod ba, shi ya sa tawaga kan iya bin su sau da ƙafa amma fitar da sabon sigar manhaja ya zama abin fargaba. Kowanne kuka ɗauka a cikin biyun, ku haɗa da ɗabi'un XP. In kasafinku na horo ɗaya kawai zai ɗauka, a nan zan ce ku zuba shi.

SAFe, wato Scaled Agile Framework, na manyan kamfanoni ne. Dean Leffingwell ya fito da shi a 2011. Yana haɗa tawagogi wuri ɗaya, mutum 50 zuwa 125, su yi taron tsarawa na kwana biyu duk bayan mako 8 zuwa 12. Inda tawagogi da dama suke dogaro da juna a kan manhaja ɗaya, taron yana fito da cikas ɗin da da sai an yi nisa za a gano. Amma yana zuwa da muƙamai masu yawa da horo mai tsada. In tawagoginku ba su wuce uku ko huɗu ba, ku bar shi. LeSS, wato Scrum na tawagogi da yawa, na Craig Larman da Bas Vodde, ya fi sauƙi, yana ɗaukar har tawaga 8 ƙarƙashin mai yanke shawara ɗaya. Tsarin kamfanin waƙoƙi na Spotify kuwa, bayanin da Henrik Kniberg da Anders Ivarsson suka rubuta a 2012 hoton yadda kamfanin yake aiki ne a lokacin, ba abin kwafa ba ne.

Zancen manhajar bin diddigi gajere ne. Trello ya isa ƙaramar tawaga, Jira yana ɗaukar babban aiki amma yana son mai kula da shi. Ku fara da allo mafi sauƙi, sai tsarinku ya zauna sannan ku sayi abin da ya yi daidai da shi.

Game da takardar shaida, ta ƙungiyar Scrum Alliance sai an halarci kwas kuma ana sabunta ta duk shekara biyu, ta ƙungiyar Scrum.org jarrabawa ce kawai kuma ba ta ƙarewa. Dukansu suna nuna mutum ya san ƙa'ida ne. Wanda za ku ɗauka ya jagoranci tawaga, ku tambaye shi abin da ya yi ranar da babban shugaba ya shigo tsakiyar zango da aikin gaggawa, wane aiki ya cire don a samu wuri, kuma wa ya sanar.