Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Katsina: ku yi hattara da mai "sabunta inji" a farashin banza

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da kewaye. Duk wanda ke da tsohuwar motar ƙawa ajiye a gida, irin Mercedes ɗin nan masu ƙofa biyu ko Peugeot 504 mai buɗaɗɗen sama, musamman wadda aka gada, ya karanta wannan ya kuma tura wa 'yan'uwa. Akwai wani mutum da ke tallar kansa a Facebook da WhatsApp cewa shi gwani ne wajen tayar da injin tsofaffin motoci, yana mayar da shi sabo dal. Ba gyara yake yi ba. Inji yake sacewa, kuma ku ne za ku biya shi ladan satar. Ban sa sunansa ba domin magana tana hannun 'yan sanda, kuma ko na sa ba zai amfane ku ba, don sunan da ya ba wannan gida daban, wanda ya ba wancan daban.

Ni bakanike ne, a harkar Mercedes gashina ya yi fari, shi ya sa aka kira ni na ga ɓarnar da idona.

Yadda yake shigowa ke nan. Ba ya zuwa gareji inda za a gane shi, gidajen gado yake bi. Zai ji labarin wani Alhaji ya rasu ya bar mota a lulluɓe da tamfol, sai ya nemi ɗan da ya fi ɗokin motar. Magana a bakinsa kamar an rubuta masa: ranka ya daɗe nan, ranka ya daɗe can, ya san sunan kowane ƙarfe, ya ce yana da shago a Legas da yaro a Jamus. Sai ya turo bidiyon injuna suna ƙyalli a kan teburin aiki. Ku tsaya ku duba bidiyon da kyau. A ɗaya daga cikin waɗanda ya tura, kalandar da ke bango da Jamusanci take, kuma an yanke hoton daidai wuyan hannun mai aikin don kada a ga fatarsa. Daga nan sai ya yanke farashi, tun bai kwance ko noti ɗaya ba.

Wannan yanke farashin shi ne alama ta farko, kuma ita ta fi kowace girma. Babu bakaniken kirki da zai gaya maka kuɗin sabunta injin da ya shekara hamsin kafin ya sauke shi, ya wargaza, ya wanke, ya auna. Sai an auna ramukan silinda za a san ko ringi kawai za a sauya ko sai an kai bulok wajen mai tona an faɗaɗa, a nemo fistin da ya fi na asali kauri da rabin milimita. Sai an auna kirankshaf za a san ko gogewa zai wadatar ko sai an rage shi da milimita 0.25 a sa mital, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, daidai da shi. Top ɗin irin waɗannan injuna, wato murfin da ke saman bulok, na alminiyom ne, idan ya daɗe a ajiye da ruwan famfo a ciki, ruwan yana cinye shi ta ciki har ya huje, kuma ba a ganin wannan daga waje. Ga bawul, ga sarƙar taimin, ga famfon baƙin mai. Kowanne da kuɗinsa, kuma babu ko ɗaya da ake ƙerawa a ƙasar nan. Da Yuro ko Dala ake sayo su, kowa kuwa ya san inda Naira ta nufa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. A Turai da Amurka, inda kayan suke a kusa, cikakken aikin irin wannan inji yakan haura Dala 10,000. Mu nan ladan hannu ne kawai ke da sauƙi, kuɗin ƙarfe ɗaya ne, har da ƙarin na jirgi da na kwastan. To wanda ya ce maka zai yi komai da komai a kuɗin da bai kai na fistin da mital da gasket ba, ka tambayi kanka daga ina ribarsa za ta fito.

Motar da na gani Mercedes-Benz 280 SL ce ta 1970, wadda Turawa ke kira Pagoda saboda siffar rufinta. An ƙera irinta daga 1967 zuwa 1971, kuma duk duniya ba su kai 24,000 ba. Marigayin da ya bar ta ubangidana ne, ni nake masa juyen mai tun yaransa suna firamare. Injinta silinda shida ne a jere, lita 2.8, kuma ba kafireta yake amfani da ita ba. Famfon injekta ne na kamfanin Bosch, na ƙarfe zalla babu kwamfuta, mai bututu shida kowanne yana kai mai ga silindarsa. Famfon nan kaɗai, gyaransa a wajen masu sana'ar a waje ya fi Dala 1,000, balle a ce sayensa za a yi.

Mutumin ya ce wa babban ɗan marigayin Naira miliyan 1.8 aiki ya ƙare. Ya karɓi rabi kafin alƙalami, ya zo da yara biyu da a-kori-kura, suka sauke inji suka tafi da shi, wai sai a Legas ake da injin awo. Bayan nan sai waya. Kwastan sun riƙe kaya a tashar ruwa, a turo 400,000. Mai tona ya ce kirankshaf ya tsage, a turo 600,000. Dala ta tashi, a cika. Kowane turi da lambar asusu daban da suna daban, ɗaya ma na mai POS ne. Kafin inji ya dawo kuɗi sun haura miliyan uku.

Kuma ya dawo da inji, nan ne wayonsa yake. Da ya gudu da kuɗi kawai da tuni an farga. Ya kawo da daddare, ya ɗaura, mota ta tashi, aka yi murna har da hotuna. Sai da ta fara tari da hayaƙi a hanyar Ƙofar Ƙaura aka tuna da ni.

Ina ɗaga bonet warin sabon fenti ya buge ni. An fesa baƙin fenti a kan komai, har kan kusoshi da robar ruwa da dattin da ba a wanke ba, na sa farce na kankare sai ga tsohon maiƙo a ƙasa. Na duba inda bututun nan shida ya kamata su bi, babu su. Kafireta biyu ne zaune a wurin. Na zaro sandar awon mai, man ya biyo ta a daskare kamar zuma, an zuba mai kauri ne don ya ɓoye ƙarar mital da hayaƙi na ɗan lokaci. Babban ɗan marigayin yana tsaye a bayana ya ce, "Baba, lafiya dai? Na ga ka yi shiru." Na ce, "Ɗana, kawo mini fitila da tsumma." Na goge jikin bulok, ƙasa da top, inda ake buga lamba. Injin 280 SL lambarsa da 130.983 take farawa. Wannan da 130.920 ta fara, wato injin 280 S ne, babbar salun mai ƙofa huɗu da manyan ma'aikata suka yi yayi a shekarun 1970. Dangi ne, shi ya sa ya zauna a mazauninsa ba gardama, amma ba shi ba ne, kuma shi ma a gajiye yake, ko ringi ba a sauya masa ba. Na ce, "Wannan ba injin Alhaji ba ne." Ya zauna a bakin kwalbati bai ce komai ba.

Miliyan uku za a iya mayarwa in Allah ya hore. Injin ne ba ya mayuwa. Kamfanin Mercedes yana da katin bayanin kowace mota, da lambar shasi da lambar injin da ta fito da shi daga masana'anta, kuma masu sayen irin waɗannan motoci wannan suke fara dubawa. Motar da lambobinta suka dace da katinta farashinta daban, wadda aka sauya wa inji daban, tazarar kuwa ba ƙarama ba ce. Ga shi motar ba ta yaron kaɗai ba ce, ba a raba gado ba, akwai iyaye mata, akwai ƙannensa da ba su balaga ba. Dukiyar marayu mutumin nan ya ci, yana sane, don har gaisuwar rasuwa ya yi wa Hajiya a zaure.

Wanda duk zai ba da aikin inji, ko ga wa zai bayar, kafin a taɓa sifana ya ɗauki hoton lambar inji da ta shasi da farantin da ke jikin famfon injekta. A rubuta su a takarda tare da abin da aka yi yarjejeniya, a sa hannu gaban shaidu, in da hali gaban mai unguwa. Inji kada ya bar gari sai ka taka ƙafarka ka ga garejin, ka kuma tambayi shugabannin ƙungiyar bakanikai ta NATA na wurin ko sun san shi. A wargaza a gabanka ko gaban bakaniken da ka yarda da shi, a ba ka awo a rubuce, sannan a yi maganar kuɗi. Biya kashi-kashi, kowane kashi bayan ka ga kayan da rasit, cikin asusu ɗaya mai sunan wanda kuka yi magana da shi. Duk abin da aka cire a dawo maka da tsohon. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa, ni kaina na fi son mai mota ya yi mini haka, don gobe ba za a ce na ci amana ba.

Na san akwai waɗanda abin ya shafa suka yi shiru don kunya, kada a ce ɗan boko da shi an yi masa wayo. Shirun nan shi ke ba mutumin damar shiga gida na gaba. An kai ƙara wurin 'yan sanda, an rubuta wa bankunan da kuɗin suka bi, kuma lauyan gidan yana shirya takarda zuwa EFCC, sai dai yawan masu ƙorafi shi ke sa magana ta yi nauyi. Shafin da yake talla da shi ya sauya suna amma bidiyon su ne dai, kuma an ce an gan shi yana tambayar gidajen da ke da tsofaffin motoci ta wajen Daura da Mashi. In akwai injinku a hannun wani mai irin wannan siffa, ku je da bakanikenku ku duba lamba yau, kada ku jira ya ce kwastan sun saki kaya.