Sola a Sakkwato: DC zalla ko inbata, 12V ko 48V?

Farantin sola wutar DC yake bayarwa, wato mai tafiya gefe ɗaya ba ta juyawa, batir ma ita yake ajiyewa. Kwan LED, wayar hannu, kwamfuta da talabijin dukkansu da DC suke aiki a cikinsu. Inbata kuwa tana juya wutar batir ta koma AC, wato irin ta NEPA, 230V, sannan caja ta sake mayar da ita DC. Kowane juyi da asararsa: inbata takan zubar da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, kuma babba takan sha wat 20 zuwa 50 ko ba a kunna komai ba. Idan wat 30 take sha, a yini da kwana ta cinye abin da zai juya fankar DC ta wat 30 na tsawon awa 24.

Don haka mai shago ko ɗaki biyu, wanda buƙatarsa fitilu, fanka, caji da ƙaramin talabijin, DC zalla a 12V ta fi masa. Amma 12V ba ta son tafiya mai nisa, kuma a nan ne mutane suke faɗawa rami. Ɗauki kayan wat 120 a nisan mita 10 daga batir, da wayar tagulla ta 2.5mm². Zuwa da dawowa mita 20 ke nan. A 12V yawan wutar da za ta bi wayar amfiya 10 ce, a rasa kusan 1.4V, sama da kashi 11 cikin ɗari. Fanka ta riƙa jan ƙafa, firij ya ƙi tashi, a ɗora wa batir laifi. A 48V amfiya 2.5 ce kawai, asarar ba ta kai kashi 1 ba. Duk lokacin da aka ninka ƙarfin wutar sau biyu, kamar daga 12V zuwa 24V, zafin da waya ke zubarwa yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu. Shi ya sa turakun sabis na waya suke aiki da 48V.

24V ta dace da firij na DC ko firizar mai sayar da ƙanƙara da ruwan leda. Gida mai sassa da yawa, ko wanda ke son guga, famfon rijiyar burtsatse ko na'urar sanyaya ɗaki, ya tafi 48V da inbata. Matsalar 48V ita ce fanka da kwan da suke karɓarta kai tsaye ba su cika kasuwa ba, sai an sa ƙaramar na'ura mai rage ta zuwa 12V kusa da kayan.

Zafin bazara a nan yakan haura digiri 40, kuma shi ya kamata ya zaɓa maka batir. Batirin ruwa yakan rasa kusan rabin rayuwarsa da kowane ƙarin digiri 10 sama da 25, kuma bai kamata a sha fiye da rabinsa ba. Na lithium irin LiFePO4 ya fi tsada, amma ana shan kashi 80 nasa kuma ya fi daɗewa. Ko wanne ka saya, kada ya zauna a ɗakin kwano marar rufi. Faranti ma ƙarfinsa na raguwa da zafi, ga ƙurar hunturu, don haka a ƙara girmansa a kan lissafi, a bar tazarar iska ƙarƙashinsa. A kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga faranti, nau'in MPPT ta fi nau'in PWM tatsar faranti. PWM sai ƙaramin tsari.

Kada a yarda mai haɗawa ya sa birekar AC a layin DC. Wutar NEPA tana sauka sifiri sau 100 a daƙiƙa, tartsatsinta ya mutu da kansa. Na DC ba ya saurin mutuwa, yana iya narkar da birekar. A duba an rubuta DC da ƙarfinta a jiki, a sa fiyus dab da kan batir mai alamar ja. Waya kuma a kankare bakinta da wuƙa tun a shago: idan fari ya bayyana ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, a mayar wa mai ita.