Daga Manchesta: wa mace ke nufa idan al'ada ta rikice

Auta, kin tambaye ni wurin wa mace ke zuwa a nan idan ciwon mara ya matsa mata ko jini ya ƙi ɗaukewa, na ce miki ba zancen waya ba ne. Ga shi na rubuto. Ki karanta wa Umma, don ita har yau gani take a Ingila ko atishawa mutum ya yi likitoci uku za su taso masa.

A Kano, in kina da kuɗin kati, da safe ki nufi asibitin kuɗi, kafin azahar kin ga likitan mata, an yi miki sikanin, kin dawo da takarda a jaka. Nan ƙofa ɗaya ce, likitan unguwa da suke ce wa GP. A wurinsa rajistarki take, shi ke yanke ko za a tura ki gaba. Ba a biyan kuɗin ganinsa, amma kar ki ce kyauta ne, don mu baƙi tun wajen neman biza ake karɓar fam 1,035 na kowace shekara da sunan kuɗin lafiya. A namu asibitin ƙarfe takwas na safe ake buɗe layin waya, ki kira ki ji ke ce ta ashirin da wani abu, in kin dace kuma minti goma ne rabonki.

Da jinin ya fara yi mini yawa, halin gida na yi, na nufi kemis na ce a ba ni Felvin. Matar da ke wurin, 'yar Pakistan ce da hijabinta, ta ce irin wannan sai da takardar likita. Ta ja ni wani ɗan ɗaki ta rufe ƙofa: kwana nawa nake yi, sau nawa nake canza auduga, da gudaji ko babu, ina da olsa ko asma? Ta ba ni ibuprofen, ta ce bayan cin abinci, ta ƙara da cewa macen da ke wuce kwana bakwai, ko take canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ta wuce hurumin kemis. Na fito ina ƙunƙuni. Sai daga baya na tuna yadda muke haɗiyar ƙwayoyin nan biyu-biyu da cikin da ba komai, sannan mu zo muna kukan zafin ƙirji. Mai kemis a nan karatun haɗa magunguna ta yi a jami'a, kuma tun ƙarshen 2023 an ba su damar ɗora mace a kan ƙwayar tazarar haihuwa ba sai ta ga likita ba.

Zuwana na farko wurin GP asara na yi. Kunya ta sa na tsaya kewaye-kewaye, “ina ɗan fama da lalurar mata”, kafin in kai ga magana lokaci ya ƙare. Ashe kina da ikon cewa likita mace kike so, har tafinta za a nemo miki ba ko sisi. Karo na biyu da ɗan littafi na je, na rubuta ranar farawa da ranar tsayawa na wata uku, da adadin audugar kowace rana. Nan take zance ya canza. Aka ɗebi jini, aka ga ya yi ƙasa, wanda shi ne jirin da nake ta ɗora wa sanyin garin. Likitar ta rubuta mini maganin ƙarin jini da wani mai suna tranexamic acid da ke rage zuba, kowane ɗaya fam 9.90. Sikanin da aka yi mini ya nuna ƙari a mahaifa, ta ce ya fi yawa a matan baƙar fata.

A nan ne na yi kewar gida. A takarda, mako 18 ne iyakar jiran wanda aka tura wurin ƙwararre. Ni wata bakwai na yi. Na tambayi asibitin kuɗi, suka ce ganin likitan mata sau ɗaya fam 250, ban da sikanin. Na lissafa shi a naira, na ajiye wayar a hankali. Kuma kar ki ɗauka Turawa sun gama gane ciwon mata. Akwai cutar endometriosis da ke kama kusan mace ɗaya cikin goma, binciken ƙungiyar masu cutar na 2024 ya nuna sai an yi shekara takwas da wata goma a tsaka-tsaki kafin a gano ta. Su ma ana ce musu “haka al'ada take”, kamar yadda ake ce mana “in kin haihu zai daina”.

Da na samu ganin likitan, abin da ta fara kawowa shi ne robar mahaifa mai sinadari, wadda ita ce kan gaba a tsarinsu wajen rage yawan jini. Gabana ya faɗi, don mu da an ce roba sai tunani ya tafi ga hana haihuwa. Ta ce in je in yi shawara, in ina son ƙarin haihuwa nan kusa akwai wata hanya. Har yanzu muna kan maganar da Abban su Ilham.

Akwai tambayar da babu GP ɗin da zai amsa: yaushe zan yi wanka in ci gaba da salla? Na tambayi wata malama a masallacin unguwarmu, ta ce bayan kwana goma duk abin da ya zo jinin ciwo ne. Na ce ikon Allah, mu a Islamiyya sha biyar muka karanta. Ashe su Hanafiyya ne, kamar yawancin masallatan 'yan Pakistan da Bangaladash. A Malikiyya, mai al'ada sananniya kwana uku take ƙarawa a kan mafi tsawon kwanakinta, muddin ba ta haura sha biyar ba. Sai da na kira malamarmu ta gida hankalina ya kwanta.

Hulba da habbatussauda da citta duk suna nan a shagunan unguwar Longsight ta nan Manchesta, ina shan shayinsu in mara ta murɗa, amma ba su narkar da ƙari, komai daɗin bakin mai talla. Audugar mata an cire mata haraji tun Janairun 2021, a Sikotland ma doka ta sa ana ba da ita kyauta tun 2022.

Batun ƙwayar jinkirta al'ada da Anti ke so saboda Umra, a nan sai an tambayi mace ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya kafin a rubuta, kuma kwana uku kafin lokacin ake fara sha. Ki ce mata ta ga likita, kar ta aiki yaro kemis. Ke kuma ki sayi ɗan littafi yau ki fara rubuta kwanakinki, ki je a auna miki jini, ki ɗauko hoton sakamakon ki turo mini. Kuɗin sikanin na tura ta hannun Yaya. Ki gaida Umma da su Baba.