Ɗan teburin nan mai ƙafa uku, bayan wata biyar a falona

Wata biyar kenan da sayen ɗan teburin gefen kujerar nan, mai siffar ganye da sirarran ƙafafu uku, kuma tunda duk wacce ta shigo falona sai ta ce a ina na samo, gara in faɗi abin da na gani kafin wata ta je ta zuba kuɗinta.

A Instagram na gan shi wajen wata mai saida kayan ɗaki. Ya zo a kwali shafal kamar ba komai a ciki, saman daban ƙafafu daban, da hannu na murɗa su ko minti biyar ban yi ba, ba ruwana da kiran kafinta. Ashe ma dabarar tsohuwa ce. Asalin samfurin na kamfanin IKEA ne na Suwidin, tun 1956, sunansa Lövet, kuma labarin da suke bayarwa wai wani ma'aikacinsu Gillis Lundgren ne ya zo saka shi a mota ya ƙi shiga, shine ya cire ƙafafun, daga nan aka kama saida kaya a kwali kowa ya je gida ya haɗa abinsa. A 2013 suka dawo da shi da sunan Lövbacken. Nawa dai kwaikwayo ne, ita ma mai kayan bata ɓoye min ba.

Irin wannan ƙirar yayi ce na bayan yaƙin duniya na biyu, a Amurka da su Denmark da Suwidin, lokacin da mutane ke tarewa a ƙananan gidaje suna son kaya marasa nauyi da basa cin waje. Shi yasa ƙafafun suke tsukewa ta ƙasa, su ɗan buɗe waje, ba sassaƙa ba ado. Mu kuwa da muka taso da senta tebur ɗin da sai mutum biyu sun kama, ido sai ya ɗau lokaci kafin ya saba. Ranar da Hajiya surukata ta fara ganinsa ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Ke 'yar nan, wannan mai ƙafar balbelar kuɗi kika sa kika saya?" Na ce eh Hajiya, ta ce toh Allah ya sa albarka, amma jakarta a cinya ta riƙe har ta tafi.

Rashin nauyin nan shine daɗinsa gaskiya. Da hannu ɗaya nake ɗauka, ɗayan hannun da kofin shayi, in kai gaban baƙo, in dawo da shi kusa da soket in ɗora waya tana caji, da dare ya bi ni ɗaki. Shara ma ba sai na ture komai ba, tsintsiya na wucewa ta ƙasa. Sannan baya girgiɗi ko kaɗan, tayil ɗin falonmu ba daidai aka shimfiɗa ba, senta tebur har yau da ninkakken kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, amma shi ƙafa uku duk inda ka ajiye sai duka sun taɓa ƙasa.

Toh amma fa ƙafa ukun nan ita ce kuma matsalar. In nauyi ya sauka a bakin ganyen, inda ba ƙafa a ƙasa, kifewa yake ba sallama. Autana ɗan shekara biyu ya dafa wajen zai miƙe, wallahi kafin in ce kai tebur ya tashi sama, filas da kofi biyu suka yi ƙasa, Allah dai ya tsare shayin ya huce, kafet ce ta sha. Waɗanda suka zana abin kofin gahawa da littafi suka yi wa lissafi, basu san kular tuwo da kwanon miya ba, ni ma na gwada ɗora kula sau ɗaya da azumi naga yana neman karkacewa na sauke da sauri.

Saman kuma ba katakon gaske bane, wani siririn falle ne aka manna kan garin katako da aka matse. Na bar gorar ruwa mai sanyi a kai na shiga kicin, na dawo na tarar da zobe fari, har yau yana nan, gefe ɗaya ma ya ɗan kumbura. Da hunturu kuwa tunda kalarsa mai duhu ce ki goge da safe kafin azahar kina iya rubuta sunanki a kai. Ƙafa ɗaya ma takan saki, duk bayan sati biyu sai na kifa shi na sake murɗewa.

In zaki saya ki tambaya ko saman katako ne zalla, kuma ki sa a turo miki hoton ƙasan, ki ga ko ƙarfe aka sa a inda ƙafar ke shiga. Nawa yanzu na matse shi a lungu tsakanin kujera da bango inda hannun auta baya kaiwa, rimot ne a kai da carbin Abbansu, ya rufe zoben nan.