Jakar kwamfutar da wani baduku ya ɗinka mini a Birni

Wata 3 ke nan ina rataya jakar nan kullum, ta sha rana ta sha ƙura, don haka yanzu ina da bakin magana a kanta.

Sana'ata tsara shafukan intanet. Wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli ta ba ni aikin shafinta, na karɓi kafin alƙalami, sai kaina ya cushe. Kwana 11 ina buɗe Figma, manhajar da nake zana fasalin shafi da ita, in jera akwatuna, in goge. Na yi ta leƙen Dribbble da Behance, shafukan da masu zane ke baje aikinsu, har idona ya yi ja, amma duk abin da na haɗa sai ya fito fari fat da shuɗi kamar shafin wani banki a Faransa, babu ƙamshin gyaɗa ko kaɗan. Ranar wata Alhamis aka ɗauke wuta tun da hantsi, ga igiyar tsohuwar jakata ta tsinke, sai na hau kabu-kabu na nufi Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, neman mai ɗinka mini sabuwa.

Shagon ɗan zaure ne, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Dattijon na zaune kan buzu, fatun awaki jemammu da bagaruwa rataye a bayansa. Da zare ya auna kwamfutata, ya ƙulla tsawo, ya ƙulla faɗi. Na ce, "Baba, ko za a saka ɗan shuɗi da ruwan hoda?" Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ɗana, kala huɗu gare ni. Ja shi ne mai gida, baƙi ke ja masa iyaka, rawaya baƙuwa ce, tsanwa kuwa a gefe take zama."

Na zauna har azahar ina kallon hannunsa a kan wani matashin kai na fata, matashiya dai, da yake gamawa. Jan nan na karan dafi ya cinye kusan dukan fatar. Ya huda shi da bakin wuƙa, ya shimfiɗa rawaya a ƙarƙashi, sai ta riƙa leƙowa ta ƴan ramuka kaɗan. Dagi ɗaya tal ya zana a tsakiya, sauran filin ya bar shi haka nan. A nan na gano ciwona. Allon kwamfuta na ba ni launi sama da miliyan 16, ni kuma na tsaya ina son in taɓa kowanne, shi ya sa na kasa ɗaukar ko ɗaya.

Na nemi izini na ɗauki hoton matashiyar. Da wuta ta dawo da dare na ɗora shi a Coolors, shafin da ke fitar da launuka daga hoto, na tsamo launuka huɗun nan, na hana kaina ƙara na biyar. Rawaya a kan fari ba ta kai ma'aunin bambancin haske na 4.5 zuwa 1 da WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa amfani da shafukan intanet, ke buƙata don ƙananan rubutu ba, sai na mayar da ita siririn layi ƙarƙashin kanun shafi, baƙuwa dai kamar yadda Baba ya ce. Rubutun na yi shi da salon haruffa na Noto Sans, domin yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tamu ta Nijar, ba sai haruffa sun koma akwatuna a wayar mutane ba. Kafin asuba shafin farko ya tsaya da ƙafarsa, matan kuma suka amince da shi a zama ɗaya.

Ita kanta jakar, ɗinkinta ya yi. Da basilla ya bi ta, layi biyu a inda igiya ta haɗu da jiki, wurin da jakunkunan kanti ke fara mutuwa, kuma har yau zare ɗaya bai motsa ba. Jikka 12 ta kuɗin sefa muka daidaita bayan ciniki, kuma kuɗin bai yi mini ciwo ba.

Amma akwai abin da ya ɓata mini rai. Mako guda ya yi mini alkawari, sai da na yi sawu uku, kwana 19 kafin na karɓa, kuma ba ya riƙe waya balle ka kira ka ji. Warin jima ya ɗauki mako biyu kafin ya lafa. Da bazara ta kama, gumi ya sa jan ya zuba a kafaɗar farar rigata, tabon bai fita duka ba. Zif ɗin da ya saka na arha ne, wata guda ya lalace, na sayo mai kyau a kasuwar Dole na kai masa, ya canza bai karɓi ko dala ba.

Wanda zai je, ya tafi da kwamfutarsa da zif ɗinsa, ya roƙi a yi wa igiyar shafi da yadi ta ciki, kuma ya je da safe lokacin da haske ke shiga zauren. Ni dai na riga na ba shi aikin ɗinka wa wayata gida, baƙi da ɗan ja, ya ce in dawo bayan Sallah.