Maƙerin farin da ya ciro min kuɗin azurfa daga cikin roba a Agege

Jama'a duk wanda yake da irin tsofaffin kuɗin nan na azurfa da turawa ke dasawa a cikin roba mai kama da gilashi, akrilik ake ce mata, dan Allah ya tsaya ya ji yadda nawa ya kasance kafin ya ɗauko guduma. Ni a cikin kayan tokumbo na samu nawa, wani dunƙule ne mai nauyi irin wanda ake danne takardu da shi a kan tebur, kuɗi biyu ne a ciki, dalar Amurka ta 1921 wadda ake ce wa Morgan da kuma rabin dala mai kan Kennedy na 1964. Duka biyun kashi 90 cikin ɗari azurfa ne, ga shi robar duk ta dushe ta yi zane-zane ko rubutun ba ka gani sosai, shi ya sa na matsu a fito min da su.

Wani abokina ɗan canji ne ya tura ni wajen wani dattijo maƙerin fari a Agege, shagon ɗan ƙarami ne a cikin lungu babu ko allo, sai da na tambayi 'yan acaɓa har sau uku kafin na gane wurin. Kafin nan na fara kai wa wani yaro a cikin gari, shi cewa ya yi zai hura mata wutar gas ta narke minti goma an gama. Da na gaya wa Baba haka sai ya girgiza kai ya ce "ɗana Allah ya taimake ka da ba ka bari ba, wannan robar ci take da wuta, ta kama hayaƙi ta bar maka baƙi a jikin kuɗin."

Yadda ya yi aikin shi ne ya burge ni wallahi. Ya sa ƙaramin zarto ya yanke robar ta gefe huɗu a hankali, bai bari haƙorin zarton ya matso kusa da kuɗin ba, ya bar kamar kaurin ɗan yatsa a kowane gefe. Sai ya jefa guntayen a kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe ya zuba asiton, sinadarin nan da ake goge jan farce da shi amma nasa tsantsa ne ba turare ba mai, ya ce shi asiton robar yake ci ba ruwansa da azurfa, kuma ya ajiye kwalbar can nesa da murhunsa saboda yana kama wuta da wuri. Da na koma kwana huɗu sai na ga robar ta kumbura ta yi yauƙi kamar ƙaro, yana ɓare ta da tsinken sakace na icce, wadda ta ƙi fita ya mayar da ita cikin sabon asiton.

Ni har na ce Baba a ɗan goge min su su yi ƙyalli mana, ya ce a'a sam, masu tara tsofaffin kuɗi da sun ga alamar guga sai su karya farashin, ka bar su da dattin shekarunsu. Ya ɗora dalar a sikeli a gabana ta ba da giram 26.7, ƙaramar 12.5, ya kanga musu mayen ƙarfe ba su motsa ba, nan hankalina ya kwanta.

Inda nake da ƙorafi shi ne lokaci. Kwana uku ya ce min amma sai da aka yi tara, kuma ba ya ɗaga waya sai in ka dace yaronsa na kusa, kun dai san abin da ake nufi da zuwa Agege sau uku daga Obalende a cikin goslo ɗin Legas. Farashi ma sai kun yi ciniki tun farko, mun daidaita a dubu takwas har da kuɗin asiton. Gefen rabin dalar akwai ɗan ƙarzane guda ɗaya, da kansa ya nuna min da madubin ƙara girma ya ce tun a cikin roba yake, kuma na duba hoton da na ɗauka kafin aiki na ga gaskiyarsa. Akwai wani dunƙulen a wajen ƙanina mai kuɗi biyar a ciki, ranar Asabar in sha Allah zan kai masa.