Guntun FRAM da na sa wa famfon Alhaji a Argungu

Gyaran sola da famfon ban-ruwa nake yi a Argungu. Bara wani Alhaji ya ce in haɗa masa na'urar da za ta riƙa ƙirga awannin da famfonsa ke aiki a gonar shinkafa, don kullum cikin musu yake da masu hayar ruwa. Na haɗa da Arduino, wani ƙaramin allon kwamfuta, na sa ta rubuta lissafi duk daƙiƙa a EEPROM, wato ma'ajiyar bayanan da ke cikinta. Kuskurena ne. Rubutu 100,000 aka ƙayyade wa ma'ajiyar, a wannan gudun kuwa ko awa 28 ba za a kai ba an cinye su. Kafin yankan shinkafa lambobi suka rikice, kuma har yau ina jin kunyar ranar da ya ce, "Malam, ina lissafin?"

Sai na yi odar guntun FRAM, wata irin ma'ajiyar bayanai daban, samfurin MB85RC256V na kamfanin Fujitsu. Kamar ƙwayar wake yake, waya huɗu kawai na jona.

Abin da ke cikinsa ya burge ni. Akwai wani siririn shimfiɗi da ake kira PZT, haɗin dalma da zakoniyam da titaniyam. In wuta ta taɓa shi, ƙwayar zarrar da ke tsakiya sai ta gusa sama ko ƙasa, ta zauna nan ko an ɗauke wuta. Gefe ɗaya 1 ne, ɗayan 0. Shi ya sa ba ya buƙatar batir don riƙe lissafi, yana kuma jure rubutu tiriliyan ɗaya. Ko duk daƙiƙa ake rubutawa, sama da shekara 30,000 ke nan. Zafi ma har digiri 85 yake ɗauka, zafin kuwa shi ne damuwata tun farko, don akwatin ƙarfe a ranar Afrilu ba ya taɓuwa.

Sai dai kilobayit 32 ne kacal, ya fi EEPROM tsada, kuma na zaga shagunan Birnin Kebbi ban samu ba. Ƙanƙanta PZT na da wuya, shi ya sa tun 2011 da aka sanar da gano irin wannan hali a sinadarin hafniyam okzayid a Jamus masu bincike suka karkata can.

Shekaranjiya a gaban Alhaji na cire wayar batir, na mayar. Lambar tana nan daram. Ya ce in haɗa wa ƙanensa guda.